Shafin da Ya Ƙi Rubuta Kansa

Yaya Dikko,

Gaisuwa mai yawa daga Tamale. Ya ƙafar Inna? Ya yara?

Ina lafiya lau. Ƙungiyar mata masu man kaɗe ta yankin Sagnarigu ta ɗauke ni in yi wa kowace mace shafinta na intanet. Su ɗari biyu ne. Sai na yi wayo, na rubuta umarni ɗaya cikin harshen kwamfuta na XML wanda zai riƙa ƙirƙiro sauran umarnin da kansa. Ashe sabar, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafukan, sau ɗaya take karanta umarni. Duk wanda aka ƙirƙiro daga baya ba ta binsa, zubo shi take yi a allo yadda yake.

Ranar nuni, shugabarsu Mma Zuhuratu ta ƙura wa tarkacen alamomin ido, ta ce, "Yarinya, wannan ne Hausan Najeriya?"

Ta ba ni mako guda, ko in gyara ko ta nemo wani. Na zauna na buga shafi ɗari biyu da hannu. Yanzu tana zagaya unguwar Sakasaka tana cewa, "Kwamfutan yarinyan nan yana da kai!"

Kar ka gaya wa Inna. Ka dai aiko min man zafi, cokali ma da ƙyar nake riƙewa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Bara'atu