Labulen Matar Tela

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau Malam ya haska mana fim ɗin nan da ya kwashe kyaututtuka, a bangon ɗakin kulob ɗinmu na bidiyo. Yarinya mai wanke-wanke ta yi ta fama har ta zama injiniya. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma rufinsu yana yoyo, ba wanda ya tara ko roba! Wane talaka ne zai bar ruwa ya jiƙa masa katifa?

Ina shirin faɗin haka Gimbiya ta riga ni ɗaga hannu, ido jajir, wai fim ɗin ya taɓa mata zuciya. Ita da direba ke saukewa a bakin get! Malam sai gyaɗa kai yake kamar ƙadangare.

Ya ce mu ma za mu yi namu gajere a kan fita daga talauci. Wanda aikinsa ya fi, shi za a tura koyon aikin fim a hutu. Gurbi ɗaya tak. Tun ina aji ɗaya nake saɓa kyamarar nan. Nawa ne.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Labarin Gimbiya aka zaɓa. Ita ce darakta, ni mai kyamara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Talata, 11 ga Fabrairu

'Yan kulob suna neman ɗakin talakawa da za a ɗauki fim ɗin a ciki. Gimbiya ta kawo kwalaye sababbi fil za ta haɗa, har da tambarin firji a jiki. Na yi dariya har da riƙe ciki, sannan bakina ya suɓuce: "Ku zo ɗakinmu mana."

Malam ya dube ni sosai, ya ce, "Madalla, haka ake son mai kishin aiki." Daɗi ya kama ni har gida.

Umma kuwa na ce mata 'yan makarantarmu za su zo ɗaukar fim ranar Asabar. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Wayyo ni.

Na je tarbo su a bakin titi, na kunna kyamara tun daga lungu, don Malam kullum cewa yake a fara ɗauka kafin a shiga wuri. Muna tura ƙofa na tsaya cak. Ban gane ɗakinmu ba. Labule mai furanni ya rufe tsagewar bango. Kujeru biyu masu laushi, darduma a ƙasa, duk na matar tela maƙwabciyarmu. Katifarmu an ɓoye ta. Umma ta sha zanenta na unguwa, ta jera lemo a faranti, tana ta "Sannunku da zuwa, ku shigo, 'ya'yana."

Ashe fitata ke da wuya ta hau jigila ita kaɗai, da ciwon bayan nan nata.

Ni kuwa gurbina kawai na hango yana sulalewa. A gaban kowa na ce, "Haba Umma, kin ɓata mana aiki! Talaucin muka zo ɗauka."

Ta ajiye farantin, ta taka kujera, ta fara cire labulen.

Gimbiya ce ta riƙe gefensa. "Umma, don Allah ki bar shi, ya yi kyau." Ta juya wajen Malam ta ce a sauya labarin: uwa ce ta aro kayan ɗaki don kar 'yarta ta ji kunya ranar da za ta dawo gida da baƙi. Malam har da tafi. "Wannan shi ne fim!"

Ɗakinmu, uwata, abin kunyata, amma ita aka tafa wa. Ta zauna ta shanye lemonta tas tana yi wa Umma hira. Ni nawa ko buɗewa ban yi ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Umma ta ce, "Mayar wa matar tela kayanta, ki ce mun gode." Maganarmu ke nan yau. Da ma zagina ta yi.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Muna tace hotuna a kwamfuta ni da Gimbiya, sai ga abin da ban san na ɗauka ba. Ashe ranar ban kashe kyamarar ba. Ga muryata, ga fuskar Umma: murmushin yana nan bai gama gushewa ba, idon kuma ya riga ya ji maganar. Sai hannunta a kan labule. Hasken taga ya sauka daidai.

Ban taɓa ɗaukar abu mai kyau haka ba. Duk wasan da 'yan kulob suka yi bai kama ƙafarsa ba. In Malam ya gani, magana ta ƙare.

Gimbiya ta kalla har ƙarshe, sannan ta ce, "Wannan zai kai ki, wallahi ya fi nawa. Amma naki ne, ke za ki yanke." Ta ɗauki jakarta ta bar ni da shi.

Ko a nan sai da ta fi ni! Da ta ce a cire, da na ce baƙin ciki take yi, na saka abina hankali kwance. Wannan yarinya ta ishe ni.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An haska fim ɗinmu a babban zaure, iyaye sun zo. Gimbiya aka zaɓa. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na yi mata noman bana. Na tafa, amma kaɗan.

Umma tana kusa da ni. Da aka nuno labulen ta zungure ni da gwiwar hannu, tana dariya ƙasa-ƙasa: "Ke, ashe ɗakinmu yana da kyau haka?" A hanya ta riƙe hannuna wajen tsallaka titi, kamar wata ƙaramar yarinya. Ban ƙwace ba.

Gimbiya ba ta iya saita haske ba, sai ta je can ta ba mu kunya. Na ce ta zo gida gobe in nuna mata. Don sunan kulob ne kawai. Umma ta ce za ta aro kujera, na ce a'a, katifa ta ishe ta.

Hoton nan na fuskar Umma kuwa tun a Larabar da muka gan shi na goge shi. Katin kyamarar ne ya cika, shi ya sa.