Hanyar da Ba Ta Kai Rijiya Ba

Tazart, cikin watan Sha'aban

Zuwa ga Tuda, uwar Tilila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa, ina fata kina lafiya, ke da Tilila da gwaggonki da duk mutanen gidan. Yaya kunnen yarinyar bayan tiyatar? Ya daina ruwa? In likita ya ce a koma a duba, ki koma, kada tsoron jandarma ya hana ki, ai takardar asibiti tana hannunki.

Hammu mai motar kayan miya ne zai kawo miki wannan, shi kaɗai ya rage da izinin shiga Marrakesh. Kin san wayar garin nan, sai mutum ya hau tudun makabarta yana ihu kamar mai kiran akuya, ke kuma can gwaggo ta kasa kunne. Gara takarda.

Mu nan lafiya, in zaman kullen korona lafiya ne. An rufe kasuwar Nkob, an rufe masallaci. Turawan da suka ce za su zo hawan keke bana duk sun janye, na Faransa da na Jamus. Kekunan suna jingine a ɗakin ajiya, tayoyinsu na sacewa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina zaune ina kallonsu.

Innarki tana nan da ƙarfinta, da bakinta. Jiya cewa ta yi, "Ishu, namiji da gemu sana'arsa wasan yara, yanzu yaran ma sun daina zuwa." Na ce, "Lalla, wasan yaran nan ne ya yi miki rufin ɗaki." Ta jefe ni da ƙwallon dabino, kuma ta same ni.

Zaman ya ishe ni, Tuda, na rantse na kusa fara hira da bango. Shi ne na ɗauki diga da shebur da manjagara na haura dutsen Sagro. Kin tuna hanyar da na dame ki da labarinta, wadda za ta tashi daga mashigin dutse, ta bi doron gabas, ta gangara kwarin baƙaƙen duwatsu? To na fara ta. A can ba muƙaddam, mai unguwar nan tamu mai sa ido, ba takunkumi, ba korona, daga ni sai ƙadangaru. Hanyar keke ba irin ta alfadari ba ce. Alfadari so yake ya isa, mai keke kuwa ba ya so ya isa da wuri, sai ka yi ta lanƙwasa masa ita, ka kai shi inda ba dalilin zuwa, don dai ya ji daɗin gangara. Hannuwana duk sun yi kanta, amma ina barci.

Don kada baƙina su ɓata idan duniya ta buɗe, ina tara akarkur, alamar hanya irin ta kakanni, a kowace kwana, dutse kan dutse. Babban na dasa shi a mashigin, daidai inda hanyata ta rabu da tsohuwar hanyar rijiyar Tamda. Ya kai ƙirjina. Na kakanni da ke gefensa duk sun zube, tun da aka yi kwalta ba mai bi.

Na samu Addi a waya ranar Juma'a. Otal ɗin da yake wa girki a Bumalin, can bayan Sagro, ya rufe, su da yawa suke kwana a ɗaki ɗaya bayan kicin. Ƙanen naki dai bai bar halinsa ba. Da na ce ina aikin hanya sai ya ce, "Injiniya! Gwamnati ta kasa, mijin yaya ya karɓa. In ka gama ka sa mata fitilu." Na ce sunansa zan sa mata, tunda shi ma ba ya zuwa ko'ina. Mun yi dariya, amma muryarsa ba ta yi mini daɗi ba.

Ki gaida gwaggo, ki ce Allah ya saka da ɗawainiya.

Mijinki,
Ishu

Tazart, tsakiyar azumi

Tuda tawa,

Barka da shan ruwa. Ina gaishe ki, ina gaida gwaggo, ki shafa mini kan Tilila. Na ji daɗi da Hammu ya ce an cire mata bandeji, har ta tambaye shi ko babanta ya faɗi da keke kwanan nan. Ki ce mata sau ɗaya tak, kuma dutsen ne ya tsokane ni.

Azumin bana ba shi da daɗi. Ba tarawihi, ba mai leƙa gidan wani da kwanon miyar harira ta shan ruwa. Tsoho Bassu mai gyaran rediyo ya rasu, ba ciwon nan ba ne, tsufa ne, amma mutum kaɗan aka bari suka kai shi, mu sauran muka tsaya kan rufin gidaje muna hange. Sannan ɗan gidan Ait Ali ya shigo daga Kazablanka a ɓoye cikin motar siminti. Kafin ya shanye shayinsa an kai wa muƙaddam labari, aka zo aka tafi da shi, aka kulle gidansu. Yanzu ko a famfo mata ba sa tsayawa kusa da uwarsa. Wa ya kai ƙarar? Kowa ya ce ba shi ba. Kai, Tuda, tsoro ya mai da mutanenmu abin da ba na so in rubuta.

Hanya kuwa ta yi nisa. Ranar da na fara gangara ta daga sama, wallahi ihu na yi ni kaɗai da azumi a bakina. Tayar baya na zamewa a kwana, tsakuwa na tashi, birki na kuka, na manta da korona, na manta da komai. Sai dai ta tsaya. A ƙarshen kwarin akwai gangare tsaye kamar bango, ya fi hasumiyar masallacinmu tsawo, ba zan iya kewaye shi ba sai da igiya da masu taya ni. Ga zafi ya shigo, tun kafin azahar harshe ke manne wa dasashi. Na sauko da kayan aikina da jarkar ruwan da nake ajiyewa a can, sai kuma bayan Sallah.

Ga abin dariya. Na tarar da Inna Mamma mai awaki tana ɗora dutse a kan akarkur ɗina, tana addu'a yadda ake yi. Na ce, "Inna, wannan na 'yan keke ne fa." Ta ce, "Dutse ya san keke? Wanda ya wuce ya ɗora, haka muka taras." Har da tambayata wace rijiya yake kaiwa. Na ce rijiyar aljihun Turawa. Ba ta yi dariya ba, ta kora awakinta ta wuce.

Kwanan nan Addi ba ya ɗaukar wayata. In kin same shi ki ce ya yi haƙuri ya zauna inda yake, komai nisan dare gari zai waye.

Ina kewarku fiye da yadda zan iya faɗa wa Hammu.

Naki,
Ishu

Tazart, kashegarin Sallah

Tuda,

Ina gaisuwa, ina yi miki barka da Sallah don al'ada ce, amma raina a ɓace yake, kuma da ke.

Haba Tuda! Ƙanenki ya kamo hanyar dutse daga Bumalin da ƙafa tun ana cikin goman ƙarshe, ke kaɗai ya gaya wa, ki riƙe a ciki, sai jajibirin Sallah ki kira ni kina tambaya wai ya iso? Na ji, ya sa ki rantse, yana tsoron a yi wa innarku abin da aka yi wa gidan Ait Ali. To ni muƙaddam ne? Ni zan kai ƙararsa? Da kin ce uffan, da na ɗauki keke na tare shi a mashigi da ruwa da dabino.

Ranar Sallah ni da Hammu muka haura har rijiyar Tamda. Ba sawu, ba tokar wuta, gugan a bushe yake a rataye. Duk wanda ya tsallako Sagro dole ya sha a nan, saboda haka bai tsallako ba. Hammu na ganin jandarma sun kama shi tun a gefen Bumalin, yana wani ɗakin killacewa an karɓe masa waya. Allah ya sa haka ne. Ban taɓa roƙon Allah ya sa an kama mutum ba sai yau.

Dole na gaya wa innarki. Ta ware masa kuskus ɗin Sallah ta rufe da faifai, ta ce, "Ɗan banza, yanzu zai faɗo yana washe baki yana kukan yunwa." Tun jiya tana bakin ƙofa, fuskarta a dutse.

Duk da haka ki kwantar da hankalinki. Ɓata dai Addi ba zai ɓata ba. Wanda ya yi kiwo a dutsen nan yana yaro, ko ya manta hanya bai manta akarkur ba, su zai bi har gida.

Hammu ya ta da mota. Ki yafe zafin da na yi a sama, ba lokacin sake takarda.

Ishu

Tazart, bayan jana'iza

Tuda, uwar Tilila,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Allah ya jiƙan Addi, ya sa ya huta, ya ba ki juriya a inda kike ke kaɗai. Ina tambayar lafiyarki duk da na san amsar.

Liman ya gaya miki a waya cewa ya faɗo daga dutse, ni na gano shi. Gaskiya ne. Amma ba a nan ta tsaya ba, kuma sauran ba zan iya faɗinsa a kan tudu ina ihu ba.

Motar Hammu na tashi da waccan takardar, sai abin da na rubuta miki da hannuna ya dawo mini. Su zai bi. Tuda, na ɗauki keke, ko hular kwano ban sa ba, ban san yadda na kai mashigi ba.

Na san kowane dutse da na ɗora. A kan babban akarkur akwai wanda ba nawa ba. Na ce na Inna Mamma ne. Na gaba ma da dutse a kai, na gabansa ma haka. Na wuce iyakar inda awaki ke kaiwa, duwatsun ba su daina ba. Kowanne sai da Addi ya tsaya ya ɗora, yadda innarku ta koya muku. Da farko manya ne, yana da sauran ƙarfi. Can cikin kwarin suka koma tsakuwa. Na bakin gangaren bai fi ƙwayar wake ba, amma ya ɗora.

Ki duba, Tuda. Ya iso mashigi ruwansa ya kusa ƙarewa, ya san rijiya tana ƙasa kaɗan. Ya ga akarkur sabo dogo, hanya a share, har da sawun taya. Wa zai bar wannan ya bi zubabbun duwatsu? Inda muka taso ba wanda ke tara dutse don wasa. Ni ma na san haka, nan aka haife ni, har tsohuwa ta tambaye ni na mai da ita abin raha. Kowace kwana da na lanƙwasa don daɗi, shi da ƙishi ya taka ta. Na ga inda ya zauna a inuwar dutsen da nake ajiye jarka, shatin gindinta yana nan a ƙasa kusa da sawunsa.

Da hanyar ta ƙare bai juya ba, ina ƙarfin juyawa? Sauka ya gwada. A ƙasa na hango shi, ya ja jiki zuwa inuwa, ya ɗaure karyayyar ƙafar da rawaninsa. A jakarsa akwai takunkumi, da ganyen shayi na innarku, da 'yan kunne ƙanana da na san na Tilila ne. Sauran kada ki tambaye ni.

Batun rantsuwarki, ki sauke shi daga wuyanki. Na yi miki faɗa, na zalunce ki. Ke alkawari kika riƙe, ni ne na gina abin.

Waɗanda suka taya ni ɗauko shi a kan alfadari sun ga hanyar, sun ga duwatsun, ba wanda ya ce kanzil. Inna Mamma ta zo gaisuwa ta katanga, ta dube ni, ta kau da kai. Na koma in rushe su duka. Na rushe na mashigin, na toshe bakin hanyar da ƙaya. Sauran na kasa taɓawa, hannunsa yana kai.

Innarki ba ta sani ba. An ce mata a hanyata aka same shi, ita kuma ta ɗauki hakan rahama. Duk wanda ya leƙo gaisuwa sai ta ce, "Ba don hanyar Ishu ba, da diloli sun cinye mini ɗa ban ga kabarinsa ba. Na yi ta zagin yaron nan a kan keke, ashe Allah ne ya sa shi." Jiya ta kama hannuna ta sumbata, Tuda. Ita, ta sumbaci hannuna. Na shiga ɗakin kekuna na kulle ƙofa.

Uwarki ce, ƙanenki ne. In kin ce in faɗa mata, zan durƙusa in faɗa mata, ta yi da ni yadda ta ga dama. In kin ce in yi shiru, zan ci gaba da miƙa mata hannun nan har ɗayanmu ya mutu. Ban tambaye ki ko za ki dawo gidana in an buɗe hanya ba, ba ni da bakin wannan tambayar. Hammu zai juyo ranar Laraba. Ko kalma ɗaya ce, ki ba shi.

Mijinki, in har kin yarda,
Ishu