Ƙanzon Kaji a Cikin Inji

Asabar da dare, Samaru.

Na gode wa Allah, injin wanke-wanken nan ya tashi. Da rana na ɗauka na kashe shi.

Tun da 'yarmu Rifkatu ta sayo wa uwarta shi a Sabon Gari, don likita ya hana ta tsoma hannu a ruwan sabulu, na naɗa kaina injiniyan gida. Ni da firamare ma da ƙyar na fita, littafin injin hotuna kawai nake kallo. Yau na ga tukunyar tuwon masara, ƙanzo ya kama gindinta. Maimakon in jiƙa ta yadda aka saba, na cusa ta haka nan, wai inji ya ci kuɗinsa. Can sai ya hau gurnani, ruwa ya ƙi fita.

Maman Rifkatu ba ta yi faɗa ba. Zani kawai ta gyara, ta jawo baho. Da na ga yatsun nan da suka tsattsage za su koma ruwa, wasa ya fita daga bakina.

Na zare filogi, na durƙusa, na kwashe ruwan da kofi, na murɗo matacin da ke ƙasa. Ƙanzo ya toshe shi tam, har da ƙayar kifi. Na goge da tsohon buroshi, na mayar. Sai ga ruwa ya wuce zuu!

Ta ce, "Injiniya, abincin kajina ka ba inji. Da safe kai za ka yi musu bayani."

Na yarda, zan yi. Hannunta dai a bushe zai kwana.