Munka Da Muka

Litinin, Ƙofar Taramniya, Sakkwato

Aikin farko yau: goge farantin sola, na yi.

Zuwa ga matata Lami, bayan gaisuwa mai yawa, ya nauyin jiki? Ya Inna da ciwon gwiwarta? Lawwali direba zai kawo miki wannan, tunda waya ba ta kamawa a garinku sai an hau tudu.

Aikin yana tafiya. Kamfanin na turo mini muryoyin mutanen Sakkwato, ina saurare ina rubutawa a kwamfuta. Na tsara ranata: daga asuba zuwa azahar wayata a kashe, don kada hankalina ya rabu. Na gama fayil ɗari huɗu. Tsofaffin nan suna cewa munka, sunka, anka, ni kuma ina gyara musu zuwa muka, suka, aka, yadda aka koya mana a sakandare, kada a yi mana dariya a waje.

Ban manta alkawarina ba. Wancan karon ina ofis a Sama Road, an hana ni hutu, kika haihu ke kaɗai, aka binne yarinyar ban gan ta ba. Shi ya sa na bar ofis na kama aikin da aka ce ana yinsa a ko'ina. Ranar Juma'a zan taho da kwamfutar, in riƙa hawa tudu ina turawa, in zauna har ki sauka.

Ki gaida Inna. Mijinki, Mamman Maccido.

Alhamis

Lami, ina gaishe ki, da fatan ƙafar ta daina kumburi.

Ba zan zo gobe ba. Sun dawo mini da aikin duka. Ashe Sakkwatancin suke nema, don shi suka ɗauki ɗan Sakkwato, ni kuma na share shi da hannuna. Yana cikin takardar umarni, shafi na uku. Sau biyu na karanta ta, na ɗauka ban fahimci Turancin ba ne. Sun ba ni kwana goma in mayar da kowace kalma yadda aka faɗe ta, ko su ba wani.

Sai na sake sauke muryoyin ɗaya bayan ɗaya, abin da tudunku ba zai ɗauka ba. Arba'in a rana. Ungozoma ta ce miki saura mako uku, don haka akwai sarari. Na auna sau uku, amma kin san ni, abin da na fi tabbata da shi shi ke ba ni kunya. Idan na saki aikin nan ban san wanda zai ɗauki mai shekara arba'in da biyu ba.

Ki yi haƙuri da ni. Naki, Mamman.

Asabar, bayan kwana tara

Lami, ban san da wane baki zan tambayi lafiyarki ba. Ya jikin?

Na kunna waya da azahar, na tarar da kira goma sha ɗaya daga yayanki Sadiƙ, da saƙon muryarki. Tun hantsi kinka sa shi ya hau tudu yana nemana. Ina fayil na uku cikin na yau lokacin da anka yanke cibiya, ina na ashirin lokacin da sunka kai jaririn makwanci. Namiji, in ji Sadiƙ, ya yi numfashi kaɗan. Allah ya sa mai ceto ne.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Da nake sauraren muryarki, yatsuna sun fara motsi a kan tebur, suna rubuta abin da kike cewa, kalma bayan kalma, ba gyara.

Kamfanin ya rubuto, wai aikina yanzu ya fi na kowa kyau. Saura fayil arba'in da kwana ɗaya.

Mijinki, in har yanzu kin yarda, Mamman.

Na gobe:
Motar farko ta Lawwali.
Cire kayan jariri daga jaka kafin ki gani.
Roƙon Sadiƙ ya nuna mini kabarin.
Kwamfuta. Na sa ta a jaka, na fitar, na mayar.