Da Gangar Maganin Ciyawa Na Yanka Musu Kaskon

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana. Ni ban iya kwamfuta ba, mai shagon intanet ne yake buga min ina faɗa masa, in kun ga magana ta karkace ku yi haƙuri. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni mai walda ne a nan Lafia, wajen Akurba, na haura hamsin, makaranta a aji huɗu na firamare na tsaya. Ina da 'ya a aji biyar na sakandare. Farkon zangon nan makarantarsu ta shiga wata gasa, wai yara su ɗauki abin da mutane ke aiki da shi kullum su sake masa fasali yadda zai rage ɓarna, kuma da kayan da aka yar za a yi, ba sabo ba. Ita da ƙawayenta biyu suka zaɓi murhun dafa gishiri, don kakarta ta wajen uwa a Awe take, sana'arta ke nan, itace yana ƙarewa, hayaƙi kuma ya gama da idonta. Suka zana murhu mai rufaffen ciki da bututun hayaƙi, da faffaɗan kasko a sama. Zanen nasu ne, ban sa baki ba. Malamarsu ta kimiyya ta zo shagona da kanta ta ce in taimaka da yanka da walda kawai, dokar gasar ta yarda da haka.

Na je wajen 'yan gwangwan na sayo ganga. A jikinta akwai hoton ƙoƙon kai, na sani sarai maganin ciyawa aka zuba a ciki, irin wanda manoma ke fesawa. Amma mu haka muke yi a sana'armu, ka cusa wa ganga tsohuwar taya ka ƙona ta, fenti ya tashi, ka goge da yashi, shi ke nan ta zama ƙarfe. Na yi murhun gawayi da kwandon shara da irinta ba adadi. Abin da ban tsaya na duba ba, waɗancan ba abinci ke zama a cikinsu ba. Na ƙona wannan gangar ita ma, da ita na yanka kaskon.

Yaran suka ci zagayen farko. Alƙalai suka rubuta lamba da jan fenti a gefen kaskon, suka ce shi ɗin dai za a kawo zagayen ƙarshe ranar Asabar, wanda ya canza an cire shi. Kuma ranar za su dafa gishiri a gaban jama'a, a ƙulla a leda a raba wa iyaye da baƙi. 'Yata kuma ta ce in an gama gasar, kakarta za ta kai wa murhun.

Makon jiya ta kawo gishirin gwaji gida, uwarta ta zuba a miya. Na kai loma ɗaya na ji ɗaci-ɗaci can ƙasan harshe. Su ba su ji komai ba, ko don ni na san abin da na yi ne, oho. Na ture kwano na ce na ƙoshi, na zauna ina kallonsu suna ci har suka gama. Ko gabana bai faɗi ba, kamar wani gidan nake kallo. Washegari na zubar da sauran gishirin a kwata.

Na je na faɗa wa malamar. Da farko ta yi min faɗa son ranta, ta ce me ya sa ban tambaya ba, ni kuma na ce ita mai karatun me ya sa ba ta tambaye ni daga ina ƙarfen ya fito ba. Da ta huce sai ta ce ai wuta ta cinye komai, in yi shiru sai bayan Asabar, makarantar ba ta taɓa kaiwa wannan matakin ba. Na ce mutanen da za a raba wa fa, ta ce ɗan ƙulli ɗaya ba zai kashe kowa ba. Ta faɗa ne ba ta kalle ni ba. Matata kuwa da na gaya mata, cewa ta yi ni na ɓata ni zan faɗa wa yarinyar da bakina, tun ranar abinci kawai take ajiye min.

Zan iya yanka wani kaskon da ƙarfe mai tsabta a yini ɗaya, in kwaikwayi lambar da jan fenti, hannuna yana da kyau, da wuya a gane. Amma in an gane, yaran za a kira 'yan maguɗi a gaban iyayensu, ba ni ba. In na je na faɗa wa alƙalai gaskiya kuma, ƙila a cire su kan laifin da ba nasu ba, bayan wata uku suna wahala.

Kwana huɗu ya rage. Wanda ya san kimiyya a cikinku ya gaya min tsakani da Allah, wuta tana kashe wannan maganin ko ba ta kashewa? In ba ta kashewa, in canza kaskon a ɓoye, ko in je wajen alƙalai? Yarinyar har yanzu ba ta sani ba. Yau da safe ma cewa ta yi, Baba ka zo da wuri ranar, zan kama maka kujera a gaba. Na ce to.