Taku Arba'in Daga Gindin Ɓaure

Zuwa ga Injiniya Nagat, 'yar ƙanwata, a birnin Zagazig.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yara. Fahim wanzami ne ke rubuta mini, in kin ga kuskure nasa ne.

Na ji ke aka ba aikin gina makarantar ƙauyenmu a tsohuwar masussuka. Madalla, jikokinmu sun gaji da tafiyar awa guda a bakin titin manyan motoci. Amma kar ki kafa tushe a nan tukuna. Akwai tsohuwar rijiyar sakiya a ƙarƙashi, wadda shanu ke juyawa su ɗebo ruwa. Ɓaunar kakanki da muke noma da ita ta faɗa ciki, aka rufe bakin da itacen dabino, aka zuba ƙasa. Ni na auna da ƙafata: taku arba'in daga gindin ɓaure, ki fuskanci alƙibla.

Ki huta lafiya. Kawunki, Abdel Maugud.

Zuwa ga Kawu Abdel Maugud.

Ina gaisuwa da girmamawa, Allah ya ƙara nisan kwana.

Taswirarmu ba ta nuna rijiya ba. Duk da haka, don darajarka, na sa dogon ma'aikacinmu ya yi taku arba'in, muka haƙa har mita uku. Ƙasa ce zalla. Yanzu a ofis ana ce mini "mai neman ɓauna". Kawu, ƙauyuka sittin ke jiran makaranta a gundumar nan. In ba mu fara ranar Asabar ba, za a mayar da aikin wani ƙauye. Don Allah ka daina zama a kan jakar siminti kana korar leburori da sanda.

'Yarka, Nagat.

Zuwa ga Nagat.

Gaisuwa, amma gajeriya.

Taswira! Wanda ya zana ta ya taɓa jan igiyar ɓauna? Ni ban san alif ba, amma babu kabari ko magudanar ruwa a ƙauyen nan da ban san mai shi ba. Jiya magajin gari ya zo yana cewa, "Haba Alhaji, tsufa ne, ka je ka sha shayinka." Na ce, "Kai da aka haifa bayan zuwan lantarki, yi mini shiru."

Fahim ya tambaye ni, yana aske mini kai, "Wai shekararka nawa da ka yi awon?" Na ce bakwai. Ya ajiye askar yana dariya har da hawaye.

To, kin ji. Ban yi kuskure ba, ku kuka aiko mini da raƙumin dawa. Ki nemo 'yar shekara bakwai cikin masu jiran makarantar, ta yi miki takun. In babu rijiya, ni zan ɗauki bulon farko a kaina.

Ki zo da wuri, an yanka zomo, akwai miyar lalo.

Kawunki.

Kawu,

Ina gaisuwa. Jikarka Wafa ta yi takun. Shebur na biyar ya ci ruɓaɓɓen dabino, ƙasa ta rufta. Da daidai nan aji ɗaya zai zauna.

Mun matsar da ginin zuwa gabas, Asabar za mu fara. Ka sauka daga kan simintina.

Nagat.

Nagat,

Na sauka. In kun tono ƙahon ɓaunar, namu ne.

Kawunki.