Gyaran da Ya Ƙone Amsa-kuwwar Surukina

Zuwa ga Injiniya mai kula da injin wutar garinmu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da injin naka.

Bari in fara da laifina. Ranar sunan ɗana na aro amsa-kuwwar surukina Alhaji Barau, wadda yake ba da haya daga Ikara har Kudan, tare da ma'aunin wutarta. Ya ce kada in kunna sai allura ta tsaya kan ɗari biyu da talatin. Na auna, na ga tana neman ɗari uku. Ni da karatuna ya ƙare a aji uku, sai na ɗauka gyara ka yi mana, irin na mai awon gero. Har albarka na sa maka. Ina kunnawa sai fis, ɗan zaren da ke kare amsa-kuwwar daga yawan wuta, ya tsinke, na naɗe shi da takardar sigari mai walƙiya. Maroƙi yana tsakiyar faɗar sunan yaro akwatin amsa-kuwwar ya yi tari, ya tuɗo hayaƙi. Har yau rabin unguwa Abdul kawai suka sani, ba su ji ƙarashen ba.

Yanzu ga naka.

Na ɗaya, kwana tara na yi ina auna wutarka. Da an kashe injin niƙa na kasuwa sai allura ta zabura. Ashe kullum ne.

Na biyu, sau uku ina zuwa ofishinka, masinja yana cewa ka tafi Zariya, ga kuwa babur ɗinka a gindin darbejiya.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai: ta taga na hango rediyonka a jone da akwatin rage wuta. Ka san halin kayanka, ka kare naka, ka bar mu. Bature ya tafi, ɗan'uwanmu ya hau kujera, abin da muka samu ke nan?

Ina roƙo ka daidaita injin, ka kuma sa a yi shela kowa ya nemi irin akwatin naka.

Alhaji bai nemi kwabo ba. Hukuncinsa shi ne ni zan zama amsa-kuwwarsa, duk suna da duk taro in yi shela da bakina har a kawo sabuwa daga Kano. Makarfi nake jibi, sannan Taba, sannan Malikanchi. Kowace shela da labarinka zan rufe ta, kuma muryata ba ta da fis.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka tsawon rai da lafiyar kunne.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Tanimu, baban Abdul